Idan Jiki Ya Saba da Maganin Kashe Zafi

Masu sauraronmu, barkanmu da sake haɗuwa a filin kiwon lafiya na wannan mako. Iyayenmu mata da ke cikin gida, 'yan kasuwa a rumfuna, direbobi a kan hanya, sannunku da aiki. Ku kuma da ke kwance a gadon asibiti rediyo na kusa da kunne, Allah ya ba ku lafiya, ya sa kaffara ne.

Yau maganarmu a kan ciwon da ke taso wa mutum ne idan ya daina shan magungunan kashe zafi masu ƙarfi, dangin ofiyom: tiramadol, kodin, mofin, da allurar pentazosin da aka fi sani da penta. Na san da an ambaci waɗannan sunaye hankalin yawancinmu zai tafi kan samarin bakin layi. Abin da zan faɗa ya shafe su, amma wanda na fi nufa yau shi ne mutumin da bai taɓa neman maye ba a rayuwarsa. Magidancin da babur ya kayar, ƙashin cinya ya karye, aka yi masa aiki aka sallame shi da takardar magani. Matar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa. Dattijon da ciwon baya ya hana shi ruku'u. Likita ne ya rubuta musu, sun sha yadda aka ce, da maganin ya ƙare wasu suka ci gaba da saye a kemis saboda zafin bai gama tafiya ba. Ranar da suka ce bari su ajiye, sai jiki ya ce bai san zancen ba.

A ce magidancin nan ya yi wata uku yana shan tiramadol safe da dare. Ƙafa ta warke, ya fara takawa. Ranar Laraba bayan isha'i ya sha na ƙarshe, ya ce shi ke nan. Kafin la'asar ɗin Alhamis sai hamma ta fara, hamma a kan hamma har muƙamuƙi ya yi tsami, alhali ba barci yake ji ba. Ido na zubar da ruwa, hanci na yoyo. Ya zauna, ya tashi, ya fita ƙofar gida, ya dawo. Dare ya yi barci ya ƙi zuwa, ƙafafu sun rasa wurin zama a kan katifa: ya miƙe su, ya naɗe su, ya buga su da ƙasa. Ranar Juma'a abin ya kai maƙura. Ana zafin watan Afrilu, shi kuwa ya ja bargo yana rawar ɗari, tsigar jiki a tashe, can kuma gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Ciki na murɗawa, ga gudawa, ga amai, ƙashi da gaɓoɓi na ciwo, zuciya na dukan tara-tara. Wanda ya duba idonsa da kyau zai ga baƙin tsakiyar idon ya buɗe fiye da yadda aka saba gani.

Uwargida ta ce, “Malam, wannan ai zazzaɓin cizon sauro ne,” ta aiki yaro kemis. Maƙwabci ya leƙo ya ce taifod ne. Gwaggo ta zo dubiya ta ce a bincika, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Shi kuma ya tuna akwai ragowar ƙwaya biyu a aljihun wata tsohuwar riga. Ya haɗiye su da ruwan randa, kafin awa guda komai ya lafa, har ya nemi abinci.

A nan ne tarkon yake. Daga wannan rana zai ɗauki ɗayan biyu: ko dai ya ce ashe har yanzu bai warke ba, ƙwayar nan ce lafiyarsa, ko kuma kunya ta kama shi ya ce shi ke nan ya zama ɗan ƙwaya, ya fara ɓoye wa iyalinsa. Duka biyun ba daidai ba ne. Abin da ya same shi ciwo ne sananne a wurin likitoci, an san mafarinsa, an san tsawonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ga magungunan da aikinsu ba ya daɗewa a jiki, alamomin kan fara tsakanin awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, su ɗauki kwana 4 zuwa 10. Kwana na biyu da na uku su ne mafi tsanani. Masu daɗewa a jiki, irin metadon, sukan jinkirta farawa, amma su kai kwana 10 zuwa 20.

Me ya sa jiki ke yin haka? A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke fitar da sinadarin noradirenalin, wanda ke tsayar da mutum a farke, ya motsa bugun zuciya, ya fitar da gumi idan an shiga firgici. Magungunan nan suna danne wannan wuri, shi ya sa mai shan su ke jin jikinsa ya saki. Idan dannewar ta zama ta kullum, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara nata ƙarfin don ta daidaita al'amura. Ku dubi mangala a bayan jaki. An zuba yashi a gefe ɗaya, dole a zuba a ɗaya gefen kafin ta zauna. Magani na gefe guda, ƙoƙarin jiki na ɗaya gefen. Ka kwashe gefen maganin gaba ɗaya a tashi guda, mangala ta kife. Mai hankali yakan rage nan kaɗan, ya bari a rage can kaɗan, har a sauke kaya jaki na tsaye.

Shi ya sa duk abin da maganin ke yi, kishiyarsa ce ke fitowa idan an daina. Yana ɗaure ciki, sai gudawa ta ɓarke. Yana tsuke baƙin ido, sai ya buɗe. Yana sa barci, sai barci ya gudu. Yana kashe zafi, sai ko'ina ya ɗauki ciwo, har tsohon wurin karayar da ya riga ya warke. Wannan sabo ba ya tambayar ko kai malami ne ko jahili, mai tsoron Allah ko akasin haka. Duk wanda ya sha kullum na tsawon lokaci jikinsa zai saba, wani ma makonni kaɗan sun ishe shi.

Sai dai a rarrabe abu biyu. Sabon jiki daban, jaraba daban. Wanda jikinsa kawai ya saba yana shan abin da aka rubuta masa, bai ƙara ba, bai ɓoye ba, wahalarsa sai ranar da ya tsaya. Wanda jaraba ta kama kuwa ya wuce nan: yana ƙara yawa da kansa, yana zagaya kemis-kemis, yana ƙarya a kan adadin da yake sha, kuɗin cefane na tafiya can, yana ganin ɓarnar da idonsa amma ya kasa tsayawa. Na farko ragewa a hankali kan ishe shi. Na biyu yana buƙatar jinya mai tsawo da masu ba da shawara. Ɗaya na iya kai mutum ga ɗaya, kuma dukansu marasa lafiya ne da ke da haƙƙin a duba su.

Zan ɗan tsaya a kan tiramadol, domin shi ya fi yawa a hannun mutanenmu. Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1977. Ya bambanta da 'yan uwansa saboda aiki biyu yake yi: yana kashe zafi irin na dangin ofiyom, yana kuma taɓa sinadaran da ke riƙe da walwalar zuciya, irin yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Don haka wasu da suka daina shi farat ɗaya, bayan gudawa da rawar sanyi, sukan haɗu da wani abin: tsoro mai tsanani ba dalili, ruɗewa, tsikari da mutuwar jiki a hannu da ƙafa, wani har ya riƙa gani ko jin abin da babu shi. A irin wannan hali ne gida ke rikicewa a ce aljanu ne, ko a ce ya taɓu. Addu'a ba a barin ta a kowane ciwo. Amma a yi ta ana kan hanyar asibiti, kuma a gaya wa likita abin da mutumin yake sha.

Akwai kuma batun ƙarfi. Iyakar abin da likitoci suka yarda babba ya sha a yini guda shi ne miligiram 400, kuma wuce wannan na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Hukumar NAFDAC mai miligiram 50 da mai 100 ta amince da su. Amma wanda takardarsa ta ƙare ya koma saye a hannun masu tebur da masu yawo da magani a faranti, mai 225 ko mai 250 za a miƙa masa. Biyu kacal daga cikinsu sun haura iyakar yini.

(Kiɗan tsakiyar shiri)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Kada wani ya zaci matsalar 'yan tsiraru ce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga ciki irin waɗannan magungunan asibiti suka sha ba bisa ƙa'ida ba. Kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce, abin da ba mu cika son faɗa ba. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC a kan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Matakin ya dace. Amma ɗauke kwalba daga kanti ba ya warkar da jikin da ya riga ya saba da ita, kuma a ganina wannan ɓangaren ne har yau ba mu ba shi haƙƙinsa ba.

Amurka ta riga mu ɗanɗana wannan. Bayan fitowar maganin OxyContin a 1996 an yi ta rubuta wa mutane irin waɗannan magunguna ba ƙaƙƙautawa. Da ɓarna ta bayyana aka tsaurara doka, sai wasu likitoci suka riƙa yanke wa marasa lafiyarsu magani a rana ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda aka yanke wa suka faɗa sayen na titi, wasu suka kashe kansu. A watan Afrilun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fito ta gargaɗi likitoci da kada su sake tsayar wa wanda jikinsa ya saba da magani farat ɗaya.

To, yaya ake saukewa? A hankali, kuma da likita. Jagorar da cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka ta fitar a 2022 ta ce wanda ya shekara ko fiye yana sha, rage kashi ɗaya cikin goma a kowane wata, ko ma ƙasa da haka, ya fi sauƙin jurewa. Wanda makonni ko 'yan watanni ya yi, ana iya rage masa kashi ɗaya cikin goma a kowane mako. Misali nake bayarwa, ba takardar magani ba: mai shan kafso takwas na miligiram 50 a yini, likita na iya cire masa ɗaya, a zauna a kan bakwai har jiki ya natsu, sannan a koma shida. Idan wani mataki ya yi tsauri, a tsaya a kansa a ƙara kwanaki, ba laifi ba ne. Abin da ake gudu shi ne komawa sama. Matakan ƙarshe, daga biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa babu, su suka fi wuya ga mutane da yawa, don haka kada a yi gaggawa a can.

A gida, a samu mutum ɗaya amintacce ya riƙe maganin. Uwa ce, mata ce, miji ne, wa ne, duk wanda mara lafiyan ya yarda da shi. Ya ajiye a akwati mai makulli, ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta rana da lokaci da adadi, ya miƙa na safe da safe, na dare da dare. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin. Hajiya, idan ke ce mai riƙon, za a zo ranar da zai roƙe ki ƙari, zai yi fushi, wataƙila ya faɗi maganar da ba ta dace ba. Kada ki ƙara masa, kada kuma ki gora masa. Ki ce masa, “Mu kira likita mu ji.”

Sauran kulawar ba ta da wuya. Ruwa da yawa. Idan akwai gudawa ko amai, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Kunu, koko, fate, romo, abin da ciki zai iya riƙewa. Wanka da ruwan ɗumi na sassauta ciwon ƙafafu. Farasitamol na taimakawa. Likita na iya ƙarawa da maganin gudawa, na amai, ko kulonidin wanda ke kwantar da sinadarin noradirenalin da na ambata, amma shi yana saukar da hawan jini, ba a shan sa da ka. Ga wanda jaraba ta yi wa katutu akwai metadon da bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, duk da cewa ba ko'ina ake samunsu a ƙasarmu ba.

Za ku ji ana cewa wannan ciwo ba ya kisa. Ga babba mai ƙoshin lafiya da ke samun kulawa, galibi haka ne. Amma akwai waɗanda bai kamata su gwada a gida ba sam. Mai juna biyu kada ta tsaya da kanta, domin cikin na iya zubewa ko naƙuda ta zo kafin lokaci. Ta gaya wa ma'aikatan awo gaskiya, don jaririn ma zai iya zuwa da sabon maganin a jikinsa, a shirya masa. Tsofaffi, masu ciwon zuciya, masu ciwon ƙoda, masu farfaɗiya, duk asibiti. Wanda ke haɗawa da diyazefam ko wasu ƙwayoyin barci, ko giya, nasa ya fi haɗari, domin tsayar da waɗannan farat ɗaya na iya kawo jijjiga har a rasa rai. Wanda amai da gudawa suka hana shi riƙe ko ruwa, fitsari ya ɗauke, a garzaya da shi. Haka wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Kada a ɗauki wannan magana wasa, kada a bar shi shi kaɗai.

Wannan ya kawo ni kan kullewa a ɗaki da saka mari. Na san iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba ƙiyayya ce ta sa su ba, gajiya ce da rashin sanin inda za a dosa. Amma mun ga abin da ya fito a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Mutumin da ke amai da gudawa, ka ɗaure shi a ɗaki ba mai lura da ruwan jikinsa, ka sa ransa a haɗari. Ko ya tsira, ba a koya masa komai ba game da yadda zai rayu idan ya fito.

Kuma fitowar ce wurin da aka fi yin asarar rayuka. Ku saurari wannan da kyau, ko da shi kaɗai za ku riƙe. Mutumin da ya yi mako biyu ko wata bai sha ba, jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi. Adadin da yake sha a da ya tashi ya tafi aiki, yau zai iya tsayar masa da numfashi. Kuma sha'awar ba ta tafiya tare da gudawa. Bayan kwana goman nan akan shafe makonni, wani watanni, ana fama da rashin barci, kasala, da baƙin ciki mara dalili. A irin wannan lokaci ne tsohon aboki zai miƙo, ko a tarar da ragowa a durowa. Don haka a kwashe duk ragowar daga gida. A gaya wa mai jinya ƙarara cewa idan ƙaddara ta sa ya koma, tsohon adadinsa ya zama guba a gare shi, kuma ya dawo ya faɗa, ba za a kore shi ba.

Idan kuka tarar da mutum ya sha ya wuce kima, alamominsa su ne: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi ya yi ƙasa sosai ko yana wani irin munshari mai kakari, baƙin ido ya tsuke ƙwarai, leɓe da farce sun sauya launi. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi a gefensa, a kai shi asibiti nan take. Akwai allurar naloksun da ke farfaɗo da numfashi cikin mintuna, amma aikinta gajere ne, don haka ko ya farka ya ce ya warke, a bar shi a hannun ma'aikata. Idan jijjiga ce ta kama shi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki.

Kada kuma wannan shiri ya sa wani ya ƙi maganin da yake buƙata. Mai ciwon daji da ke kwana yana nishi, mai sikila da ciwo ya motsa, wanda aka fito da shi daga tiyata, haƙƙinsu ne a kashe musu zafi, kuma da yawa a ƙasar nan ba sa samu. Abin da ake so shi ne duk wanda aka rubuta wa irin wannan magani ya tambayi likita tun ranar farko: kwana nawa zan sha, kuma yaya zan daina? Ku ma likitocinmu da masu kemis, don Allah ku riƙa faɗa ko ba a tambaya ba.

Wanda ya ji kansa a cikin wannan bayani, ya fara da likitan da ya rubuta masa, ko babban asibitin da ke kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa da ke karɓar masu wannan matsala a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, akwai kuma sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Zuwa can ba ya nufin hauka. In za ka tafi, ɗauki kwalin ko ledar maganin a aljihu ka nuna, ka faɗi ainihin adadin da kake sha da duk abin da kake haɗawa da shi. Idan goma ne kada ka ce huɗu, domin a kan abin da ka faɗa likita zai yi lissafin ragewa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki batun allurar penta da 'yan uwanmu masu sikila, da gyambon da take bari a cinya da damtse.